Kare Marar Ƙugiya

Littafin da na fara ɗinkawa da hannuna na wani ɗan koli ne a Safana, akuya ta ci masa kusurwar bango. Kawuna Malam Iro, Allah ya jiƙansa, ya ajiye mini shi a tabarma da basilla da zare, ya ce in gyara, ya wuce masallaci. Ina sakandare lokacin, a gidansa nake zaune. Na huda takardun nan daga sama har ƙasa kamar mai ɗinkin buhu, na ja zare na ƙulle tamau, ina ta jin daɗi. Da ya dawo ya ɗauka, littafi ya ƙi buɗuwa, farkon kowane layi ya shige cikin ɗinki. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in karanta masa shafi guda a haka. Na fara, kowace kalma ba kai sai gindi. Sai ya miƙo mini reza, wai wanda ya ɗinke wa littafi baki shi zai buɗe masa.

Na kawo wannan ne saboda ku 'yan matan yanzu, da kuke shigowa gidana nan Batsari ku tarar da ni a ƙarƙashin rumfa da littattafai zube, ku ce Anti Binta ta sami sana'ar hutu, ba da haya kawai a karɓi kuɗi. Wata ma ta ce mini duk abin da ke cikin akwatunana yana cikin wayarta. To, ku zauna ku ji.

Takardun littafi na kirki ninke suke kashi-kashi, Kawu yana kiran kowane kashi ƙunshi, kuma ta tsakiyar ninkin ake bi da allura, ba ta gefe ba. Zaren sai an goga shi da kakin zuma, in ba haka ba zai yanka takarda. Abin manne kuwa kokon rogo ne, a dama shi da kauri, a ɗiga masa ruwan ganyen bedi, wato dogon yaro, don ɗacin ya kori kyankyaso. Bango daga kwalin sabulu nake yanka shi, in lulluɓe da ragowar atamfar da maigidana Malam Sani tela yake tara mini. Daga nan a danne da dutsen niƙa har ya bushe. Wayar nan da 'yan yanzu suke maƙale littafi da ita ita ce babbar abokiyar gabata. Damina ɗaya ta isa ta yi tsatsa ta ci tsakiyar littafi, ka buɗe ka ga shafuka na zubowa kamar ganye.

Duk wannan aikin hannu ne, mai haƙuri zai koya. Abin da ya fi wuya shi ne sanin bugu. Ni littattafan jarumtaka na da su ne jarina, irin na takobi da bokaye da aljanu, waɗanda iyayenmu suka karanta. Mutane na zaton littafi ɗaya ne tunda sunansa ɗaya. Kawu shi ya koya mini a shimfiɗa biyu a tabarma, yatsan dama a kan wannan, na hagu a kan wancan, a bi su layi-layi. A nan za ka sha mamaki.

Ku ɗauki wanda matan unguwarmu suke kira Ɗan Tsohuwa. Labarin yaro ne, ɗan wata talaka, wani boka ya sace shi ya kai shi cikin daji, ya girma can, ya sami takobin da aka ƙera da ƙarfen aradu, ya yi yaƙi da bokan da rundunarsa. Bugunsa na fari jan bango gare shi, takarda mai kauri, ɗinkin zare, da zane-zanen hannu, kirarin takobin kaɗai ya cika shafi. Daga baya aka yi mai koren bango, aka cire zanen, aka rage kirarin, amma labarin yana nan cikakke. Sai kuma bugun kasuwa iri-iri, wanda ba ka sanin wa ya buga, bango na ƙyalli da hoton wani ƙato mai murɗaɗɗen jiki da bai yi kama da kowa a ƙasar nan ba. Na lura da wani abu da ya daɗe yana damuna. A tsohon bugu, duk inda boka ya yi siddabaru, sai marubucin ya komo da kai wurin uwar yaron tana addu'a a kan buzunta, don mai karatu ya san inda ƙarfi yake. Da wannan na kafa wa Malam maigidana hujja lokacin da ya yi shakkar in ajiye littattafan tsafi a gidansa. A bugun kasuwa kuwa an ja tsafin ya yi tsawo, addu'ar an datse ta.

Masu hayata yawanci matan aure ne, nan cikin gari da ƙauyuka, Karare, Yasore, har cikin Ruma. Ranar kasuwa mazajensu ko 'yan acaɓa suke kawo wanda aka gama, su tafi da wani. Ina gane gidan da littafi ya kwana daga dawowarsa. Na gidan Fulani yakan zo da ƙanshin man shanu, na masu gyaɗa da ɓawo a tsakanin shafi. Akwai wata da take ninke kusurwa duk inda jarumi ya ci abinci, har yau ban san dalili ba.

Sai shekarar da aka tashi ƙauyukan bakin daji. Kun san ta, wasunku a cikinta aka goyo ku zuwa garin nan. Mutane suka cika makarantun firamare da zaurukan dangi. Littattafaina da ke ƙauye suka tafi tare da gidajen da suke ciki, har da Ɗan Tsohuwa nawa mai jan bango, wanda Kawu ya sa mini a cikin kayan aure. Ban tambayi kowa ba, da wane baki? Wata baiwar Allah daga Yasore ta yi sallama ta shigo, ta kwance bakin zaninta ta fito da rabin littafi da wuta ta ci, tana ba ni haƙuri wai ba ta riƙe amana ba. Matar da ta bar rumbunta yana ci da wuta. Na riƙe hannunta kawai. Hayar ma ta tsaya, domin ba mai son labarin daji kuma. Da can in an ce daji a littafi, wuri ne na aljanu can nesa. A shekarar nan daji ya zama wurin da ɗan'uwanka yake ɗaure.

A cikin waɗanda suka zo akwai wata tsohuwa daga Ruma, kowa Gwoggo yake ce mata, da surukarta Hassana. Maƙwabtanmu suka ba su ɗaki, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ɗan Gwoggo na ƙarshe, Sale, mijin Hassana, 'yan bindiga sun ɗauke shi a gona. An yi waya da farko, daga baya aka ji shiru. Gwoggo ba ta kiran sunansa sai Auta. Kullum bayan salla ina jin muryarta ta katanga tana roƙa masa tsari, ta daɗe tana yi, har nakan bar wanke-wanke in ce amin.

Wata rana na lura ban ji ta ba. Washegari ma haka. Ina shirin leƙawa sai ga Hassana ta shigo da hantsi, ido ya kumbura, riƙe da littafi mai ƙyallin bango. Muka gaisa a gurguje, ta durƙusa ta ba ni labari. Ashe Sale yana da Ɗan Tsohuwa mai jan bango a ƙauye, yakan karanta wa uwarsa in an dawo gona, ita kuwa tana son labarin ƙwarai don yaron ya komo gida a ƙarshe. Littafin ya ƙone. Hassana ta ga wannan a shimfiɗar wani mai kaya ranar kasuwa, ta saya don ta ɗebe wa tsohuwa kewa. Ta yi ta karanta mata kaɗan-kaɗan har suka kai shafin ƙarshe.

Ta buɗe mini wurin. Sabon bugu ne, ban taɓa ganinsa ba. Layin ƙarshe ya ce, albarkacin addu'ar da uwarsa take yi masa dare da rana, sai Allah ya ƙare shi a cikin dajin nan. A ƙasa an rubuta tammat, wato labari ya ƙare.

Na san layin nan kamar sunana. Kare shi ne, tsarewa, ba ƙare shi ba. Wani ne ya zauna yana sake buga labarin, ya ga kalma, ya ɗora wa harafin farko ƙugiya da zaton gyara yake yi. Kuma layin ba shi ne ƙarshe ba, akwai babi guda a bayansa inda yaron ya fito daga daji ya iske uwarsa. Sun yanke shi, ina jin takarda ce ta ƙare musu, suka rufe labari a nan.

Hassana ta ce bakinta ya riga hankalinta, ta karanta yadda ta gani. Ta yi ƙoƙarin gyarawa, Gwoggo ta ce a sake. Ta sa aka kira wata 'yar makaranta, ita ma ta karanta haka. Tun daga ranar tsohuwa ta daina ɗaga hannu don Auta, ta daina cin abinci sai kurɓar ruwa, kuma ta ce wa Hassana ta shirya shiga takaba.

Na ɗauki nawa mai koren bango na zagaya. Na iske ta kwance a tabarma, fuska ga bango. Na gaishe ta, ta amsa da kyar. Na yi mata bayanin bugu, na karanta mata layin daidai, na ci gaba da babin dawowa. Ta bari na gama, sannan ta ce ba tare da ta juyo ba:

"Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, lallashina kike. Ni ban iya boko ba, kowa na iya duban takarda shi faɗa mini abin da ya ga dama. Littahin Auta ja ne. Rubutu ba shi canzawa da kanshi. In ya juya, ishara ce aka yi mini, bakina ne ke ƙarasa yaron ga."

Liman ya aiko mata cewa camfi ne, kuma addu'ar uwa ba ta cutar ɗa. Ta ce ba ta ja da Liman, amma tsoron bakinta take ji. A nan na gane maganar duniya ba za ta yi ba. Na tuna a ƙunshin ƙarshe na mai jan bango akwai zane, yaron durƙushe a ƙofar bukka, takobi a ƙasa, uwar ta saki tulu. Wanda bai iya karatu ba ai yana gane hoto. Kuma na san mutum ɗaya da ya taɓa mallakar wani kwafin, Kawu, a cikin adakarsa a Safana.

Kawu ya rasu kafin wannan tashin hankali, gidan yana hannun ɗansa Lawai. Malam bai yi gardama ba, ya rufe shago ya raka ni. Hanyar kusa ba ta biyuwa lokacin, sai muka zagaya ta Katsina da Dutsin-Ma, tafiyar da da ake yi kafin shayi ya huce ta cinye mana rabin wuni.

Lawai taubashina ne, ni 'yar mace shi ɗan namiji, don haka da ya gan ni sai ya fara:

"A'a, baiwata ce da kanta? Kin zo sharar gidan ubangidanki ke nan, ko kuɗin shara ya kawo ki tun watan bai kama ba?"

Na ce ubangidan da ba ya iya ciyar da akuya ina shi ina baiwa, ya buɗe mini adakar Kawu. Sai na ga dariyarsa ta tsaya. Ya kai ni ɗakin, ya ɗaga murfi. Irin gero ne a ciki, cike har baki.

Ya ce Alƙur'anai da littattafan addini ya kai masallaci. Na tatsuniya kuwa gara ta fara taɓa su, ba mai karantawa, sai ya ba Ɗanjuma mai balangu na bakin tasha yana naɗe nama. Ya faɗi haka kamar mai ba da labarin ya sayar da dusa. Na tsaya riƙe da murfin nan. Abin da Kawu ya tara tun yana saurayi, bugun da ba za a sake gani ba, wasu ni na yi musu bango da hannuna. Malam ne ya yi magana, ya ce a je a ga abin da ya rage.

Ɗanjuma mutumin kirki ne. Da ya ji dalili, da kansa ya ɗauko buhunan da suka saura ya kawo zaure. Ina jin shi daga ciki yana gaya wa Malam wai bai taɓa samun takarda irin wannan ba, tana shan mai ba ta yagewa, ba kamar jarida ba, masu saye har yabawa suke yi. Bangayen kuwa da su yake hura wuta. Ban san ko in yi kuka ko in yi dariya ba, ga shi dai ya fi masu bugun kasuwa sanin darajar takarda.

Muka zazzage buhunan a tsakar gida ni da Ladi matar Lawai. Shafuka ne warwatse, an yayyage, labarin wannan ya shiga na wancan, aljani a gefen lissafin firamare. Na ce wa Ladi ta bar duban rubutu, ta riƙa miƙo mini duk mai kauri. Da yatsa na yi aikin. Takardar jan bango tana da ɗan kaushi kamar bayan ganyen kabewa, kuma ɗinkin Kawu ba ya ɓuya, yakan bar ƙulli a waje da ɗan wutsiya. Lawai na tsaye yana cewa baiwa ta zama kaza mai tono, amma da ya ga ban tanka ba sai ya tsuguna ya sa hannu shi ma. La'asar ta yi, muka yi salla muka koma. Can ƙasan buhu na biyu hannuna ya taɓa wutsiyar zare. Ƙunshin ƙarshe ne, bai rabu ba. Mai ya ɓata kusurwa, yaji ya yi ja a gefe, ga alama an taɓa ɗora nama a kai aka fasa. Na buɗe, ga yaro durƙushe, ga tulu a ƙasa.

Da muka dawo Batsari ko mayafi ban canza ba na shiga wurin Gwoggo. Ta ƙara zubewa, Hassana na zaune gefenta da kofin koko da ya huce. Ban yi dogon bayani ba, na sa mata takardar a gaban ido. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu ta shafa, ta tashi zaune da kyar.

"Ga tulun nan," in ji ta. "Auta yakan ce tsohuwar ga ta yi kama da ni wajen ɓarna." Ta kai takardar hanci. "Mi ya sa shi ke warin nama?"

Na ce labari ne mai tsawo, Gwoggo. Na ba Hassana ta karanta layin, ta karanta a hankali, sai Allah ya kare shi a cikin dajin nan. Ta juya shafi ta ci gaba har yaron ya yi sallama a ƙofar uwarsa. Sannan na shimfiɗa biyun a tabarma yadda Kawu ya koya mini, tsohon a dama, na kasuwa a hagu, na sa tsinin basilla a kan harafin nan, na matsar zuwa ɗan'uwansa. Na ce ta duba da idonta, ba sai ta iya boko ba. Wannan tsaye yake, wancan an lanƙwasa masa kai.

Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa takarda. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Wanga ɗan abin? Kamar ƙugiyar mahauta?"

Na ce shi ne.

"Wa ya sa shi?"

Na ce wani ne a wani shago, bai san ta ba, bai san Ruma ba, wataƙila ma yunwa yake ji yana sauri ya tashi. Sai ta ce, ashe kwana da kwanaki ta bar ɗanta a daji ba mai roƙa masa, saboda hannun wani ya zame. Ta tambaya ko abin yana fita. Na ciro reza daga jakata. Na riƙe hannunta a cikin nawa, muka kankare ƙugiyar tare, a hankali don kada takardar ta huje, bugun kasuwa ba shi da jiki. Ta hure ɗan garin da ya fito. Ta ce wa Hassana ta ba ta buta, kuma a ɗumama kokon nan. Maganar takaba ba ta sake tashi ba.

Ƙunshin na yi masa bango da jan ƙyalle na bar mata, yana ƙarƙashin matashinta. Kafin in ba ta na kwafe babin dawowar da hannu. Tun daga lokacin duk inda na ji akwai wannan bugu mai ƙyalli sai na sa an kawo mini, in kankare ƙugiyar, in ɗinka masa babin da suka yanke, in mayar wa mai shi. Na sa Malam ya yi wa mai kayan kasuwar magana, ya rantse bai taɓa buɗe littafin ba, shi dai sari yake yi. Ran nan kuma wata cikinku ta nuna mini labarin a wayarta, na ce ta gangara ƙarshe. Daga bugun kasuwa aka kwafa. Ƙugiyar tana nan, tammat yana nan, kuma waya ba ta kankaruwa da reza.

Sale dai har yau ba a gan shi ba, ba a kuma kawo labarin gawarsa ba. Wasu da aka sako sun ce sun ga mai kama da shi, wasu sun ce ba su sani ba. Hassana tana nan tana jira, tana taya ni ɗinki, hannunta ya fi nawa kyau yanzu. Gwoggo ta tsufa ƙwarai, a zaune take salla. Amma in kun zo da la'asar kuka ga na ɗaga muku hannu ku yi shiru, ita nake saurare ta katanga. Takan roƙa wa duk wanda ke daji, ta roƙa wa garuruwan da aka tasa, sannan ta sassauta murya, ta rarrabe kalmar a hankali yadda ba mai ji ya yi kuskure:

"Ya Allah ka kare mini Auta. Kare, ya Ubangiji, marar ƙugiya."